Sankarar Mabiyiya: Awon Jini Ya Fi Na'urar Gashi Gaggawa a Kankiya da Kusada

A cikin watan Yuli na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku na kula da masu ciwon daji, ɗaya a Binin, ɗaya a Inugu, ɗaya kuma a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin Katsina. Wannan abin farin ciki ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda majiyyaci daga Jihar Katsina yake haɗa kayansa ya tafi Shika ko Sakkwato ko Abuja, ya kama hayar ɗaki, ya shiga layin jiran gashi na makonni. Matan da ke fama da sankarar bakin mahaifa da ta mama su ne za su fi kowa amfana, domin kuwa a waɗannan cututtuka gashi ginshiƙi ne na magani, ba ƙari ba.

To, sai dai akwai wani tunani da ya daɗe da zama a zukatan jama'a, har da wasu ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, watau cewa kowane ciwon daji ƙarshensa na'urar gashi, kuma wanda bai kai ga na'urar ba sai dai a yi masa addu'a. Wannan tunani yana da haɗari ga wata cuta guda da ke biyo bayan ciki, wadda likitoci suke kira koriyokasinoma, a nan kuwa za a kira ta sankarar mabiyiya. Cuta ce da ba ta da yawa, mai saurin kisa idan aka bar ta, wadda kuma ta fi kusan dukkan sauran nau'o'in sankara jin magani. Macen Kankiya ko Kusada da ta kamu da ita ba gashi take bukata ba sai a wani yanayi ƙwaya ɗaya mai wuyar aukuwa. Abin da take bukata awon jini ne a kan kari, da allura mai arha, da wani ma'aikaci da zai riƙe sunanta a littafi ya bi sawunta har ta warke. Idan murnar samun na'ura a Katsina ta sa hukumomi suka ɗauka an gama da batun sankara, to wannan mata ita ce za ta fara faɗawa ta tsakanin yatsu.

Yadda mabiyiya take rikiɗa

Kafin a fahimci cutar sai an fahimci mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa wanda ungozoma take binnewa a bayan ɗaki. Mutane da yawa sun ɗauka wani yanki ne na jikin uwa. Ba haka ba ne. Daga ƙwan da ya haɗu da maniyyi take fitowa, kamar yadda ɗan tayi yake fitowa, saboda haka rabin gadon halittarta na miji ne. Aikinta kuwa, tun daga makon farko, shi ne ta huda bangon mahaifa, ta kutsa cikin magudanan jinin uwa, ta buɗe su domin abinci da iska su isa ga tayi, kuma ta yi duk wannan ba tare da garkuwar jikin uwa ta kore ta a matsayin baƙuwa ba. Wanda ya san halin sankara zai lura nan take cewa waɗannan su ne ainihin ɗabi'unta: saurin hayayyafa, da kutse, da shiga jini, da ɓuya daga garkuwar jiki. Bambancin kawai shi ne lafiyayyar mabiyiya tana da linzami. Tana kutsawa zuwa wani iyaka ta tsaya, bayan wata tara kuma ta saki ta faɗo. Ranar da linzamin ya tsinke, ba ta bukatar koyon wata sabuwar dabara kafin ta zama annoba, domin ta riga ta iya komai. Tun a 1895 wani masanin cututtuka Bajamushe, Felix Marchand, ya nuna cewa daga ƙwayoyin mabiyiya wannan sankara take tasowa.

Kimanin rabin masu cutar suna samun ta ne bayan wani irin lalataccen ciki wanda, saboda kamanninsa, za a iya kiran sa cikin inabi. Mace takan ɗauki ciki, laulayi ya yi tsanani fiye da kima, cikin ya riƙa girma fiye da watanninsa, jini ya riƙa ɗiga, amma babu motsi. Idan ya zube, ko aka yi wankin ciki, sai a ga ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki, tari guda, kamar nonon inabi ko ƙwan kwaɗi a bakin tafki. A 1977 wasu masana biyu 'yan Japan, Kajii da Ohama, suka gano asalin abin. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, watau ƙunshin zaren gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikakken cikin inabi, ƙwan macen ya rasa nasa kason, sai na maniyyi ya ninka kansa ya cike gurbin, dukkan 46 ɗin suka zama na uba. A wani nau'in kuma, wanda ake kira rabi-da-rabi, maniyyi biyu ne suke shiga lafiyayyen ƙwai guda, a sami 69.

Me ya sa gadon uba zalla yake ba da mabiyiya ba tare da ɗa ba? Amsar ta fito ne daga ɓeraye. A 1984 Azim Surani a Kambirij ta Ingila, da Davor Solter tare da James McGrath a Filadelfiya ta Amurka, kowanne a nasa ɗakin bincike, suka haɗa ƙwan ɓera mai gadon uba biyu, da wani mai gadon uwa biyu. Na uba biyu ya yi mabiyiya mai ƙwari amma tayin ya tsumbure, na uwa biyu ya yi tayi amma mabiyiyar ta kasa. Ashe Mahalicci ya raba aikin: wasu sassan gado ba sa aiki sai idan ta wajen uba suka zo, wasu kuma sai ta wajen uwa. Wannan bayani yana da amfani har a zauren sulhu. Cikin inabi kuskure ne da ke aukuwa a daidai lokacin haɗuwar ƙwai da maniyyi. Ba laifin matar ba ne, ba na mijin ba, ba kuma aikin kishiya ba ne ko shafar iska. An dai lura ya fi samun yarinya ƙarama ƙwarai da kuma macen da ta haura shekara 40, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a ɗakunan haihuwa na ƙasar Katsina, inda mace kan fara haihuwa da wuri ta kuma daɗe tana yi.

Mafi yawan masu cikin inabi suna warkewa da wankin ciki kaɗai. Amma a cikin masu cikakken nau'in, kimanin kashi 15 cikin 100 wasu ƙwayoyi sukan saura a bangon mahaifa su ci gaba da hayayyafa. A nau'in rabi-da-rabi abin bai fi kashi ɗaya cikin 100 ba. Sauran rabin masu sankarar mabiyiya kuwa suna samun ta ne bayan ɓari na yau da kullum, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko ma bayan haihuwar lafiyayyen ɗa da aka yi wa suna aka yanka rago. Waɗannan su ne suka fi shiga haɗari, domin babu wanda yake zargin komai.

Abin da ya sa gashi ba ya isa

Gashi haske ne mai ratsa jiki, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsofaffin na'urori daga ƙarfen kobal suke samun sa, sababbi kuwa da wutar lantarki suke haifar da shi. Idan ya bi ta cikin tsoka yakan kakkarya zaren gado na ƙwayoyin halitta, sai ƙwayar ta mutu a lokacin da ta zo rabuwa biyu. Ƙarfinsa da rauninsa abu guda ne: inda aka auna shi kaɗai yake aiki. Maharbi ne da ke bukatar ya ga abin harbinsa. Ga sankarar bakin mahaifa, wadda takan daɗe a wuri guda tana cin maƙwabtanta, wannan ya wadatar.

Sankarar mabiyiya ba ta zama wuri guda. Da yake shiga magudanar jini sana'arta ce ta gado, tun ƙarin da ke mahaifa bai kai ƙwayar gyaɗa ba 'ya'yansa sun bi jini sun tafi. A cikin matan da cutar ta bazu a jikinsu, kimanin kashi 80 cikin 100 a huhu ake samun ta, wajen kashi 30 a al'aura, wajen kashi 10 a hanta, kashi 10 kuma a ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ma a duba mahaifar a tarar babu komai, cutar ta ƙaura gaba ɗaya. Wanda ya auna haske a mara alhali cutar tana huhu, ya yi kamar manomin da ya ƙone kututturen da fari suka kwana a kai bayan sun tashi sun bazu a gona.

Sa'an nan ga hasarar da gashin mara yake jawowa. Ƙwayayen haihuwa na mace suna daga cikin sassan jiki mafi rauni a gaban wannan haske. Kaɗan daga cikin abin da ake bukata don kashe ƙari ya isa ya kashe su, haila ta ɗauke, haihuwa ta tsaya har abada. Mai sankarar mabiyiya kuwa sau da yawa yarinya ce 'yar shekara 18 ko 25, wataƙila ma cikinta na fari ke nan. Mai karatu ya san matsayin macen da ba ta haihuwa a gidan aure na karkara, ba sai an yi dogon bayani ba.

Maganin da ya dace da cutar da ke yawo a jini shi ne wanda shi ma yake yawo a jini. Kafin shekarun 1950, macen da cutar ta bazu a jikinta kusan hukuncin ajali ne a kanta: tara cikin goma ba sa cika shekara, ko an cire mahaifa, ko an yi gashi. A Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, wani likita ɗan asalin ƙasar Sin, Min Chiu Li, tare da Roy Hertz, suka gwada wani magani mai suna metotireksat, wanda yake hana ƙwayar halitta amfani da sinadarin folik asid. Ƙwayoyin mabiyiya mayunwatan wannan sinadari ne saboda saurin rabuwarsu. A 1956 suka ba da rahoton matan da ƙarin da ya cika huhunsu ya narke ya ɓace. Wannan ne karo na farko a tarihin likitanci da magani kaɗai ya warkar da sankara mai ƙari bayan ta bazu.

Akwai wani ɓangare na labarin Li da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya sani. Mabiyiya tana fitar da wani sinadari a jini da fitsari mai suna hCG, shi ne wanda tsinken gwajin ciki yake ganowa. Sankarar mabiyiya ma tana fitar da shi, gwargwadon yawan ƙwayoyinta. Li ya lura cewa ko bayan hoton ƙirji ya nuna huhu fes, sinadarin bai gama sauka ba, sai ya ci gaba da ba da magani har awon ya koma daidai. Shugabanninsa suka ga yana ɗura wa mata masu lafiya guba saboda wata lamba a takarda, suka sallame shi daga aiki a 1957. Daga baya aka ga matan da aka tsayar wa magani da wuri cutar ta dawo musu, nasa kuwa sun warke sarai. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Hertz da wasu. Ƙa'idar da aka kore shi a kanta ita ce ake bi a duniya duka a yau: ba ido ne yake cewa an warke ba, awon jini ne.

A yau ana auna nauyin cutar da wani ma'auni na Ƙungiyar Likitocin Mata ta Duniya, wanda yake duba shekarun mace, da irin cikin da ya gabata, da tsawon lokacin da ya wuce, da yawan hCG, da wuraren da cutar ta kai. Mai maki 6 zuwa ƙasa, magani ɗaya ya ishe ta: allurar metotireksat sau huɗu cikin kwana takwas, ana tsallake rana, a ranakun tsakani kuma ana ba ta ƙwayar da ke kare lafiyayyun sassan jiki, a huta, a sake zagayowa kowane mako biyu, har hCG ya koma daidai, sa'an nan a ƙara mako shida. Idan bai karɓe ta ba a koma ga aktinomaisin-D. Kusan dukkan irin waɗannan mata suna warkewa. Mai maki 7 zuwa sama kuwa sai haɗin magunguna biyar da ake kira EMA-CO, wanda Kenneth Bagshawe da abokan aikinsa suka fara amfani da shi a Asibitin Charing Cross na Landan a 1979, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna tsira. Mahaifa tana nan, ƙwayaye suna nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nemi ciki bayan magani sun samu.

Inda gashi yake da gurbi

Adalci ne a faɗi inda na'urar take da amfani. Idan cutar ta kai ƙwaƙwalwa, babban abin tsoro shi ne zubar jini a cikin ƙoƙon kai, domin ƙarin cike yake da magudanan jini marasa ƙwari, kuma yawancin magunguna ba sa ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Cibiyoyin Amurka sun daɗe suna gasa kan gaba ɗaya, zama goma cikin mako biyu, tare da magani, don tsayar da jini da kashe ƙarin. Mutanen Charing Cross suka bi wata hanya dabam: suka ninka yawan metotireksat a ƙarin ruwa, suka kuma riƙa zuba shi kai tsaye a ruwan laka ta gadon baya, inda ya kama kuma likitan ƙwaƙwalwa ya yi fiɗa. Da wannan suka tsirar da wajen kashi 85 cikin 100 na masu cutar a ƙwaƙwalwa ba tare da gasa kai duka ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Gashin kai gaba ɗaya, musamman idan ya haɗu da metotireksat, yana iya lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mace ta warke daga sankara ta koma fama da mantuwa da raunin tunani a shekarun da take renon 'ya'ya. Abin da aka fi karkata gare shi yanzu shi ne gashi mai tsinin allura, wanda ake tattara haske daga kusurwoyi da yawa a kan ɗigo guda, a kan ƙarin da ya saura bayan magani.

Ke nan gashi mataimaki ne da ake kira a lokacin tsanani, ga mace ɗaya cikin goma na waɗanda cutar ta bazu musu, kuma ko a nan ɗin masana ba su haɗu a kansa ba. Ita kuwa wannan mata, da an gano ta wata huɗu kafin nan, da ba ta kai ga wannan hali ba. (Akwai wasu nau'o'i biyu na ƙarin mabiyiya masu wuyar samu ƙwarai waɗanda ba sa jin magani sosai, su ma ba gashi ake yi musu ba, cire mahaifa ake yi.)

Lissafin Kankiya da Kusada

A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Kankiya tana da mutane kimanin 150,000, Kusada kuwa kusan 100,000. Idan aka ɗauki wannan tsohon adadi kawai, aka ƙaddara haihuwa 40 ga kowane mutum 1,000 a shekara, za a sami haihuwa wajen 10,000. A Turai ana samun cikin inabi tsakanin 1 zuwa 3 a kowane ciki 1,000, rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya kuwa sukan nuna fiye da haka, ko da yake asibitin koyarwa matattarar masu matsala ce, dole adadinsa ya kumbura. Ko da ma'aunin Turai aka bi, ana maganar mata 10 zuwa 30 ne a shekara a ƙananan hukumomin biyu, waɗanda biyu ko uku daga cikinsu za su bukaci allura.

Wani jami'in tsare-tsare zai ce: mata uku? Ga zazzaɓin cizon sauro, ga jijjigar masu ciki, ga zubar jini wajen haihuwa, ga tamowa, kowanne yana ɗaukar rayuka ninkin-ba-ninkin wannan. Maganarsa gaskiya ce, kuma da abin da ake nema gini ne na biliyoyin naira, da ya yi nasara a muhawarar. Amma abin da ake nema bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba, kuma yawancinsa gyara ne ga aikin da ake yi dama, watau kula da mace bayan ɓari. A fagen sankara duka, da wuya a sami wurin da kuɗi kaɗan yake sayen shekaru masu yawa kamar nan: uwa 'yar shekara 22 da za ta mutu cikin shekara guda, a mayar da ita ɗakinta da shekara hamsin a gabanta.

Matsalar ba ta rashin magani ba ce, ta ɓacewar majiyyaciya ce. A ɗauki mace a Kafin Soli ko Rimaye ko Mawashi da ta yi ɓari a gida. An binne abin da ya fito ba wanda ya duba. Jini ya ƙi tsayawa, sai a ce ragowar ɓari ne, a jiƙa saiwa. Idan aka yi gwajin fitsari ya nuna ciki, sai a ce ai cikin ne ya kwanta, kuma kowa ya san yadda al'ada ta yarda kwantaccen ciki yana iya shekara bai tashi ba. Bayan wata uku ta fara tari da jini, a ɗora ta a kan maganin tarin fuka na wata shida. Ranar da ta faɗi tana jijjiga, ko ɓarin jikinta ya shanye, a ce hawan jini ne ko iska. A kowane mataki an yi mata abin da ya yi kama da hankali, amma ba a yi tambaya guda ba: yaushe rabonta da ciki, kuma me hCG yake cewa?

Ƙasar Birtaniya ta toshe wannan kafa tun 1973 da abin da bai fi rajista da gidan waya ba. Duk macen da aka samu da cikin inabi ana rubuta sunanta a ɗaya daga cibiyoyi uku, Landan da Shefild da Dandi. Ana aika mata kwalba, ta ba da jini ko fitsari a asibitin garinsu, a tura ta waya, cibiya ta auna ta rubuta. Idan lambar ta tsaya cik a awo huɗu cikin mako uku, ko ta hau a awo uku cikin mako biyu, sai a kira ta a fara allura tun ba ta ji ciwon komai ba. Da wannan tsari fiye da kashi 98 cikin 100 suke warkewa a can. Babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin Jihar Katsina. Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka zuwa babban birnin jiha, motocin haya suna bi safe da yamma, wayar hannu kuwa ta shiga kowane ƙauye.

Abin da ya kamata shi ne sashen kula da mata na Asibitin Koyarwa na Katsina ya riƙe rajistar jiha, da ma'aikaciyar jinya guda wadda wannan ne aikinta, da lambar waya da kowace ungozoma ta sani. Babban Asibitin Kankiya ya zama wurin ɗibar jini ga Kankiya da Kusada da Ingawa, a ware rana guda a mako a tura samfura cikin akwatin sanyi. Duk abin da aka kwaso a wankin ciki a wanke shi a duba shi da ido a cikin ruwa, wanda ya yi kama da inabi a sa shi a kwalbar fomalin a aika ɗakin nazarin tsoka. Awon kuma ya zama kyauta, domin macen da take jin ta warke ba za ta roƙi mijinta kuɗin mota da na gwaji sau goma ba, shi ma ba zai ga dalili ba sai an zaunar da shi an yi masa bayani tun ranar farko. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya da Kusada da Ingawa zai iya ɗaukar nauyin wannan daga kason ayyukan mazaɓa ba tare da ya ji a jikinsa ba, sai dai aiki ne da ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa sai an matsa.

Kankiya tana da wata dama da sauran garuruwa ba su da ita, watau Makarantar Koyon Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya Iro, wadda take yaye ma'aikatan lafiyar al'umma da ke cike ƙananan asibitocin jihar. Darasi na awa biyu ya isa a dasa musu ƙa'ida guda: duk macen da ke cikin shekarun haihuwa da ta zo da jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari ko haihuwa, ko tari da jini, ko jijjiga ba dalili, a tsoma tsinken gwajin ciki a fitsarinta kafin a yi komai. A koya musu kuma tarkuna biyu. Na farko, idan hCG ya yi yawa fiye da kima yakan toshe tsinken ya nuna babu ciki, saboda haka idan alamu sun yi ƙarfi a surka fitsarin da ruwa a sake gwadawa. Na biyu, idan aka ga wani kumburi mai launin shuɗi-shuɗi a al'aura kada a kuskura a yanka shi ko a tsaga, domin jinin da zai ɓalle yana iya kashe ta a kan gado. Allurar kanta kuwa ba ta kantin magani ba ce. Metotireksat yana iya taɓa ɓargo da hanta da ƙoda, sai a hannun likitan da yake auna jini kafin kowane zagaye.

Malaman Islamiyya mata su ma suna da rawar takawa, kuma ƙofar a buɗe take. Babu ajin matan aure da ba a karanta babin jinin biƙi, inda ake koyar da cewa a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta yi salla. Hukuncin ibada ke nan. Abin da ya rage shi ne malama ta ƙara da cewa jinin ciwo yana da sababi, kuma ba sai an jira kwana 60 ba. A lafiyayyen jiki hCG yakan ɓace cikin 'yan makonni bayan haihuwa ko ɓari, saboda haka macen da ta yi arba'in jini bai ɗauke ba, ko ya ɗauke ya dawo, tsinken gwaji kuma ya nuna ciki, to ta nufi asibiti a wannan makon, a yi mata hoton ciki a kuma auna jininta.

Saura batu mai nauyi, watau jinkirta sabon ciki. Sabon ciki yana ɗaga hCG, sai a kasa bambance shi da dawowar cuta. Don haka ake son mai cikakken cikin inabi ta dakata har awonta ya koma daidai a kuma bi ta na wasu watanni, yawanci shida, wadda aka yi wa allura kuwa ta dakata shekara guda. A gidan da uwar miji take ƙirga watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ma'aikacin da ya miƙa wa matar ƙwayoyin tazarar haihuwa ita kaɗai ya sallame ta bai yi aikin ba. Da mijin za a yi maganar, a nuna masa lambobin a takarda yadda suke sauka, a gaya masa ranar da wa'adin zai cika. A gaya masa kuma cewa yiwuwar sake samun cikin inabi bai fi 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma maganin ba ya jawo naƙasa ga 'ya'yan da za a haifa daga baya. Idan cikin ya samu a yi hoto da wuri, tun yana wata biyu zuwa uku, a tabbatar da tayi da bugun zuciyarsa. Wadda ta taɓa shan allurar kuma, mako shida bayan kowace haihuwa ko ɓari ta koma Kankiya a ɗebi jininta, ma'aikaciyar rajista ta rubuta sakamakon a gaban sunanta.